Ikilisiyar baƙi a kudancin Philadelphia

Da an ambaci Kiristocin Mennonite a Amurka, hankalin mutane kan tafi karkarar Lancaster, inda ake noman masara da kiwon shanun madara, inda har yau wasu masu tsananin riƙo da al'ada ke zuwa kasuwa a keken doki. Ba a cika neman su a birni ba. Amma a kudancin Philadelphia, cikin unguwannin da gidajen jan bulo ke manne da juna kamar haƙoran mataji, akwai wata ikilisiyarsu da ake wa'azi a cikinta da harshen Indonesiya.

Tushenta na can Jakarta ta ƙasar Indonesiya. A watan Mayun 1998 tarzoma ta ɓarke a birnin, aka ƙone shaguna, mutum fiye da dubu suka mutu, kuma 'yan ƙasar masu asalin Sin ne aka fi kai wa hari. Kwanaki kaɗan bayan haka Shugaba Suharto ya sauka daga mulki. Dubbai suka yi hijira, wasu suka yada zango a Philadelphia saboda hayar gida ta fi ta New York sauƙi, ga kuma aikin ƙarfi a masana'antu da gidajen abinci. Ba su gama shan iska ba sai ga wata: a 2003, bayan harin 11 ga Satumba, gwamnatin Amurka ta umarci mazan wasu ƙasashe, har da Indonesiya, su je su yi rajista. Wanda takardunsa ba su cika ba ya shiga tsaka mai wuya. In ya je, a iya tusa ƙeyarsa gida. In ya ƙi, ya karya doka.

Cikin irin wannan zaman ɗarɗar aka kafa ikilisiyar a 2005. Mutane ƙalilan ne suka fara ta, kuma ba da sunan Mennonite suka fara ba. Daga baya ne suka shiga haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikilisiyoyin Mennonite ta Franconia, wadda tushenta ya kai ƙarni na 18. Haɗuwa ce mai ban mamaki: jikokin manoman Jamus, masu rera waƙa da murya huɗu, ga kuma baƙi masu ganga da jita da ɗaga hannu sama.

Sai dai in an bi diddigi, baƙin ba su yi ɓatan kai ba. A wannan birnin Mennonite suka fara zama a Amurka, a unguwar Germantown, cikin 1683, kuma su ma neman wurin da za su yi addininsu lafiya ne ya kawo su. Sunan kansa daga Menno Simons ya fito, wani limamin Katolika na Holan da ya bar cocinsa a 1536 ya bi masu cewa sai mutum ya mallaki hankalinsa za a yi masa baftisma, kuma Kirista ba ya ɗaukar takobi. Indonesiyar ma ta san su tun 1851, lokacin da mai bishararsu na farko ya isa tsibirin Java.

Ranar Lahadi sujada rabin aikin ce kawai. Bayan an tashi sai a buɗe tukwanen shinkafa, a zauna. A nan ake jin inda ake ɗaukar ma'aikata, da wanda ke da ɗakin haya, da wanda zai raka sabon zuwa asibiti ya yi masa tafinta. Faston irin wannan ikilisiya yakan ɓata lokaci a kotun shige da fice kusan yadda yake ɓatawa a kan bagade. A ganina wannan ne ya sa ta girma, fiye da daɗin wa'azi. Baƙo ba ya manta wanda ya tsaya masa a makon farko.

Abin da ya fi jawo mata suna ya faru ne a azumin 2007. Musulmin Indonesiya na unguwar ba su da wurin da zai ɗauke su don sallar dare, sai ikilisiyar ta buɗe musu ɗakin sujadarta. A tuna cewa cikin masu ba da makullin akwai waɗanda suka baro gida da tabo a zuci, kuma a Indonesiya samun izinin gina coci kan zama jidali. Ba kowa ne zai iya haɗiye wannan ba. Daga baya Musulmin suka samu masallacinsu a yankin.

Girma kuma ya zo da nasa ciwon kai. Yaran da aka haifa a Philadelphia da Turanci suke tunani, wa'azin iyayensu sai an fassara musu. Maƙwabta 'yan Meksiko sun fara taruwa da Sifaniyanci har suka zama ikilisiya mai cin gashin kanta. Ita ma tsohuwar Franconia ba ta tsira daga sauyin ba: a 2020, bayan ta haɗe da wata takwararta, ta ajiye sunan da ta daɗe da shi ta koma Mosaic, kalmar da ke nufin zanen da aka harhaɗa da gutsattsarin duwatsu masu launi daban-daban. Tarukanta yanzu sai da tafinta, ana juya magana tsakanin Turanci da Sifaniyanci da Indonesiyanci.