Tikitin Kyauta Na Taron Kiɗa: Ina Garaɓasa Ta Tsaya, Ina Caca Ta Fara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗalibin da ya je karatu Birtaniya ko Amurka da wuya ya yi mako guda bai ci karo da irin wannan sanarwa ba, a wayarsa ko a allon jami'a: za a ba da tikiti biyu kyauta na shiga taron kiɗa ranar Asabar da dare. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya bi shafin masu taron, ya ambaci sunan abokinsa, ya jira ƙuri'a. Wani lokaci gidan rediyo ne zai ce wanda ya riga kowa bugo waya ya ci. Wani lokaci kuma sai an tura saƙon da ake cirar kuɗi a kansa, ko an sayi riga ko faifai, kafin suna ya shiga.

Idan ɗalibin ya tambayi malami ko halal ne, tambayoyi biyu ya yi a cikin ɗaya. Ta farko a kan hanyar da aka bi aka samu tikitin. Ta biyu a kan wurin da tikitin zai kai shi. Kowace da hukuncinta, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar da ɗayar.

Su wane ne mawaƙan indi?

Kalmar "indi" gajarta ce ta kalmar Ingilishi mai nufin cin gashin kai. Ana kiran mawaƙi da ita idan ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai na duniya. A Birtaniya harkar ta yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade a Landan da Factory Records a Mancesta suka fara buga faifai. Zuwa 1980 har an ware wa irin waɗannan faifai nasu jadawalin ciniki na mako-mako.

Mawaƙin indi ba shi da kuɗin talla a talabijin. Rayuwarsa tana kan ƙananan ɗakunan kiɗa masu ɗaukar mutum ɗari biyu ko uku, su kuwa ɗakunan da ƙyar suke numfashi. Ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare su, ta bayar da rahoton cewa a shekarar 2023 kaɗai irin waɗannan wurare 125 a Birtaniya sun rufe ko sun daina shirya kiɗa.

A ɗaya ɓangaren kuma manyan taruka sai tsada suke yi. Bikin Glastonbury, wanda manomi Michael Eavis ya fara a gonarsa a 1970, fam ɗaya ne kuɗin shigarsa a wancan karo, har da madarar shanu kyauta. A 2025 tikitinsa ya haura fam 370. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin haya da na abinci, idan ya ji an ce kyauta, dole kunnensa ya motsa.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Me ya sa mai ɗakin da ke kukan asara zai ba da tikiti kyauta? Da farko, kujerar da ba a sayar ba ta tafi ke nan da zarar dare ya wuce, don haka bayar da ita ba ya rage masa komai. Na biyu, duk wanda ya ambaci abokinsa a shafi ya yi masa tallar da bai biya ba. Na uku, sunaye da lambobin waya da adireshin imel da aka tara jari ne na tallar gaba. Na huɗu kuma, wanda ya kamata Musulmi ya fi lura da shi: kuɗin ƙofa yawanci yana ƙarewa ne wajen biyan mawaƙa da masu na'urar sauti da masu tsaro, ribar ɗakin tana fitowa ne daga kantar abin sha, wanda galibinsa giya ce. Wanda ya shiga kyauta ana sa ran zai biya a can.

Inda dokar Turawa ta ja layi

Su kansu ƙasashen da ake wannan harka sun san cewa tazarar da ke tsakanin rabon kyauta da caca ba ta da yawa. Dokar caca ta Birtaniya ta 2005 ta ce idan abu uku suka haɗu, wato biyan kuɗin shiga, da kyautar da za a ci, da dogaro ga sa'a tsantsa, to abin ya zama cacar ƙuri'a, wadda ke da nata tsauraran ƙa'idoji. Mai son kauce wa wannan dole ya buɗe hanyar shiga da ba a biyan komai, kamar aika wasiƙa ta gidan waya a farashin da aka saba, ya sanar da ita a fili, kuma kada a fifita wanda ya biya a kan wanda bai biya ba. A Amurka ma haka ne, shi ya sa kusan kowace sanarwar garaɓasa take ɗauke da bayanin cewa ba dole sai an sayi wani abu ba.

Ƙuri'a daban, caca daban

A shari'a, jefa ƙuri'a ba laifi ba ne a karan kansa. Alƙur'ani ya ba da labarinta a aya ta 44 ta Suratu Ali Imrana, game da wanda zai ɗauki renon Nana Maryamu, da aya ta 141 ta Suratus Saffati, game da Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ƙuri'a hanya ce ta adalci idan masu haƙƙi sun yi daidai kuma abin bai isa kowa ba.

Abin da aka haramta shi ne maisir, wato caca, a aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida. Ma'auninta wajen malamai a bayyane yake: mutum ya fitar da dukiyarsa tabbas, alhali bai sani ba ko zai ci ko zai yi asara, kuma abin da mai ci ya kwasa daga aljihun waɗanda suka faɗi ya fito. Idan mai rabo ne ya fitar da kyautar daga dukiyarsa, mai shiga kuwa ko ya ci ko ya tsira da abinsa, wannan kyauta ce da aka raba da ƙuri'a.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yi nazarin wannan mas'ala a zamanta na 14 a birnin Doha, cikin Janairun 2003, ta fitar da ƙuduri mai lamba 127. Daga cikin abin da ya ƙunsa: gasa mai kyauta ta halatta idan manufarta da hanyoyinta halal ne kuma ba daga dukkan masu shiga aka tattara kyautar ba, katin shiga gasa da kuɗinsa, ko wani ɓangare nasa, ke shiga cikin kyautar nau'i ne na caca, haka nan kuɗin kiran waya da ake biya don shiga, matuƙar yana shiga cikin kyautar. Ƙudurin bai hana mai gasa cin amfanin tallar hajarsa ba, muddin hajar halal ce kuma babu yaudara.

Da wannan ma'auni, bin shafi da ambaton aboki ba caca ba ne ta fuskar hanya, domin babu kuɗin da ya salwanta. Saƙon waya mai tsada fiye da na yau da kullum, wanda daga cikinsa ake biyan tikitin, caca ce, komai ƙanƙantar kuɗin.

Saura sharaɗin sayen riga ko faifai. Wasu malamai sun hana shi gaba ɗaya. Wasu, cikinsu har da Sheikh Ibn Usaimin, sun halatta da sharaɗi biyu: kada a ƙara farashin kayan saboda garaɓasar, kuma mai saye ya kasance da ma yana buƙatarsu. Dokar Birtaniya ta yarda da sharaɗi na farko, domin ita ma tana ɗaukar ƙarin farashi a matsayin kuɗin shiga. Na biyun kuwa babu kotun da za ta iya bincika shi, tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Wanda ya sayi riga biyar da ba zai sa ba don sunansa ya shiga sau biyar ya san abin da ya saya.

Idan ha'inci ya shigo

Ko an kuɓuta daga caca, akwai amanar mai rabo. A Satumbar 2007 hukumar Ofcom, mai kula da kafofin watsa labarai a Birtaniya, ta ci tarar tashar GMTV fam miliyan 2, saboda an shafe fiye da shekara uku ana zaɓar waɗanda za su ci gasa tun kafin a rufe layin waya, jama'a kuwa suna ta bugowa ana cirar musu kuɗi. A Mayun 2008 aka ci ITV tarar fam miliyan 5.675. A Yulin wannan shekara BBC ta biya fam 400,000 a kan shirye-shirye takwas, cikinsu har da na tashar 6 Music. A wani shirinta an riƙa naɗar shiri tun da wuri ana watsa shi kamar kai-tsaye, ana ƙirƙirar waɗanda suka ci.

Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya barrantar da mai algus daga tafarkin Musulmi, kuma wannan ya shafi duk mai shirya rabo. A ɓangaren mai shiga kuma, alama ɗaya ta isa: duk wanda ya ce ka ci tikiti amma sai ka turo kuɗin aikawa ko lambar katin bankinka, ɗan damfara ne.

Ƙofar da tikitin ke buɗewa

A ce hanyar ta tsarkaka, tambaya ta biyu tana nan. Ko wanda ya samu tikitinsa da guminsa, kamar masu aikin sa-kai na ƙungiyar Oxfam da ke tsaron ƙofa a Glastonbury sau uku, kowanne kimanin awa takwas, a madadin kuɗin shiga, bai tsallake ta ba.

Mafi rinjayen malaman mazhabobi huɗu sun haramta kayan kiɗa in ban da duffi a biki da idi, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari game da mutanen da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Ibn Hazm na Andalus ya soki isnadin hadisin ya halatta kiɗa, malamai irin su Ibnus Salah da Ibn Hajar suka mayar masa da martani. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya yi rangwame da sharuɗɗa, haka ma Sheikh Yusuf Ƙardawi a zamaninmu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ƙasar Hausa ke karantawa a zaure, ta hana sauraren kayan wasa da gangan, har ta ɗauke wa mutum wajibcin amsa gayyatar walimar aure idan akwai munkari bayyananne a wurin.

Saɓanin gaskiya ne, amma bai kai inda wasu ke son kai shi ba. Waɗanda suka yi rangwame ma sun shardanta kada kalmomin su zama batsa, kada a haɗa da giya, kada ya hana salla. Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ɗakin da ribarsa ke fitowa daga kantar giya, inda maza da mata ke cunkushe a tsaye daga almuru har tsakar dare, da wuya ya cika sharuɗɗan ko da mafi sassaucin malamai. Abin lura ne cewa aya ta 91 ta Ma'ida ta haɗa giya da caca a wuri guda, ta kuma ambaci illar da suka yi tarayya a cikinta: haddasa gaba, da kange mutum daga ambaton Allah da salla.

Wanda ya ci tikitin irin wannan wuri, sannan zuciyarsa ta ƙi natsuwa, zai iya cewa bari ya sayar ya ci kuɗin. Sai dai abin da yake ganin haram ne gare shi ya halarta, bai dace ya ci kuɗinsa ko ya miƙa wa ƙaninsa ba. Ban da haka, yawancin tikitin garaɓasa an shardanta ba a sayar da su, na Glastonbury ma hoton mai shi ne a jiki, Musulmi kuwa yana kan sharaɗin da ya amince da shi. Mafita mai sauƙi ita ce ya sanar da masu rabon cewa ya janye.

Ma'aunin ya shafe mu

Kada a ɗauka wannan magana ta Turawa ce kawai. Musulmi ma suna da mawaƙa masu cin gashin kansu da manyan taruka, kamar wanda Sami Yusuf ya jagoranta a zauren Wembley na Landan a Oktobar 2007 don agaza wa mutanen Darfur. Idan masu shirya taron nashidi ko majalisi ko musabaƙa suka ce kowa ya sayi kati, za a jefa ƙuri'a a ba wa wanda ya ci kujerar Umara daga kuɗin katin, hukuncin bai canza ba. Kyawun kyautar ba ya wanke hanyar, kamar yadda tsarkin hanyar ba ya wanke wurin da za a je.

Saboda haka iyayen da ɗansu ke karatu a waje, da shi ɗalibin, su riƙe tambayoyi uku kafin danna kowace sanarwa. Me zan biya, kuma ina kuɗin za su? Wa ke rabon, kuma ta yaya za a zaɓi wanda ya ci? In na ci, a ina Magariba da Isha'i za su same ni a wannan dare?

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mana zuriyarmu a duk inda suke.