Launi da Lokaci a Waƙoƙin Wani Sha'irin Andalus

Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma a garin Bande na yankin Magariya yana rubuta Alƙur'ani da ka, ya ga yadda yake ware baƙar tawada domin baƙaƙe, ja domin wasula, ruwan ɗorawa kuma domin hamza, to ya riga ya san cewa launi ma harshe ne, yakan faɗi abin da harafi ya yi shiru a kansa. Wannan hikima ce Huwan Ramon Himenes (Juan Ramón Jiménez), wanda aka haifa a 1881 a Moger, wani ɗan garin manoman inabi a ƙasar Andalus ta kudancin Ispaniya, ya riƙa tun yana saurayi, domin kuwa da ya tafi Madrid a 1900 aka buga diwanansa biyu na farko, sai aka fitar da Ninfeas da koriyar tawada, Almas de violeta kuwa da shunayya, ta yadda ido zai riga kunne sanin halin da zuciyar mai waƙar take ciki.

A wannan shekara ce mahaifinsa ya rasu farat ɗaya, baƙin ciki da tsoron ajali suka kayar da shi, har aka yi jinyarsa a Faransa, daga bisani a Madrid. Saboda haka a cikin Arias tristes na 1903 da Jardines lejanos na 1904, lokacin da ya rinjayi baitocinsa shi ne wanda itatuwan Turai ke kaɗe ganye, sa'ar da ya fi ƙauna kuwa almuru: ganye mai ruwan ɗorawa ya zama kinayar gushewar rayuwa, shunayyar magariba ta zama bege da kaɗaici, hasken farin wata kuma abin da rai ke so amma hannu ba ya kaiwa. Sai bayan da ya koma Moger a 1905 toho da furanni suka sami sarari, kamar yadda Baladas de primavera na 1910 ya shaida.

To, a nan ne mai karatu Bahaushe yake bukatar hattara. Masu tarjama kan kira lokacin zubar ganyen nan kaka, alhali kuwa kaka a wurinmu ita ce sa'ar da ake ɗaure dammunan hatsi, rumbu ya cika, a biya bashi, a ɗaura aure. Sukan kuma kira lokacin furanninsu bazara, alhali bazararmu ƙuna ce da janyewar rijiya, idon kowa yana gabas yana jiran hadari. Matsayin da toho yake da shi a wurin Himenes, shi ruwan sama yake da shi a Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali na Kano, wato rahama bayan tsanani.

Ashe ke nan majazin waƙa daga ƙasar da sha'iri ya taka yake tsirowa, kuma wanda bai san yanayin ƙasar ba yana iya karanta kuka a matsayin guɗa. Dubi gawon da ya cika gonakin Magariya, wanda yake tuɓe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani: in manomin Bande ya ce gawo ya kaɗe, bushara yake yi da shuka, amma da Himenes zai ji shi, ta'aziyya zai yi masa.