Noma a Kufan Ma'aikata

Yanzu fili ya yi wuya a Kaduna da kewayenta, har manoman Katabu da na sauran ƙasar Igabi ba su raina ko wane kango, in dai za a sa fartanya. To, amma akwai kangon da ya kamata a yi tambaya tukuna, watau wurin da wata ma'aikata ta taɓa zama.

Ga misali nan kusa, a Kakuri, ƙetaren kogi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu masaƙu suka biyo baya. Shekara da shekaru ruwan rini da na wankin yadi yana bin lambatu zuwa rafin Makera, daga nan ya faɗa kogin Kaduna, masu lambu kuwa suna ban ruwa da shi. Masaƙar ta tsaya a 2002. Tsayawar inji ba ta wanke ƙasa. Ruwan rini yakan ɗauko wasu ƙarafa masu dafi, su kuwa ba su ruɓewa kamar taki, sai su zauna cikin laka. Haka kuma wuraren da manyan motoci suke tsayawa, irin na Mararraban Jos, inda baƙin mai yake zuba, da duk inda ake fasa tsohon batir. Dalma ce cikin batir, ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta cikin ƙasa.

Wanda yake shakka ya tuna da Zamfara. A 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Yadda aka gyara ƙauyukan nan shi ne abin koyi. Aka auna ƙasa gida gida, aka kankare ta sama wajen inci biyu, aka kai ta rami nesa aka binne, sa'an nan aka shimfiɗa sabuwa mai kyau. Aka yi wa Bagega haka a 2013. Likitoci ba su soma ba yaran Bagega magani ba sai da aka gyara gidajensu, domin yaron da ya koma wasa cikin ƙasar nan ciwonsa zai dawo.

Saboda haka mai son aro ko sayen irin wannan fili ya fara tambayar tsofaffin unguwa abin da aka yi a wurin dā. Sa'an nan ya nemi malamin gona, ko hukumar kula da muhalli ta jiha, KEPA, a ɗebi ƙasa wuri wuri a kai awo. Kuɗin awo bai kai na jinya ba. Akawun da ke rubuta takardar ciniki ma ya kyautu ya tambaya ko an yi.

In awo ya nuna dafi kaɗan ne, filin bai lalace sarai ba. Itatuwan katako da na inuwa sun dace da shi, ko rumbun ajiya a daɓe da siminti. Abin gudu shi ne alayyafo da latas da karas, gama ganye yana jan dafi, saiwa kuwa tana fitowa da ƙasa a jikinta. In lalle sai an yi lambu, a tā da kwami da ƙasar da aka kawo daga wani wuri, a zuba taki da yawa, a yi ban ruwa daga rijiyar da aka auna. Kada a haƙa rijiyar sha a wurin, kada kuma a ɗebi ƙasarsa a yi tubali ko yaɓen ɗaki.