Tseren Keke Daga Kan Tsauni: Abin Da Bidiyon Wayarka Ba Ya Nuna Maka

Idan kana yawan kallon gajerun bidiyo a TikTok, Instagram ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da shi ba. Mutum ne a kan keke, sanye da hular kwano mai rufe fuska, ya gangaro daga kan tsauni kamar an cillo shi, ya ratsa tsakanin bishiyoyi, ya tashi sama ya tsallake titin mota, ya dira ya ci gaba da gudu. In aka miƙa wayar a majalisa a Rijiyar Lemo, nan take za a rabu gida biyu: masu cewa haɗin kwamfuta ne, da masu cewa mutumin ya gaji da duniya.

Bidiyon na gaske ne, hatsarin ma na gaske ne. Sai dai kowane tudu da kowace kwana da ka gani a wannan hanya, wani ne ya zauna ya auna ta, ya gwada ta, ya kuma tanadi abin da za a yi in an faɗi. Wannan ɓangaren ne waya ba ta nuna maka, kuma shi za mu yi bayani a kai yau.

Wane irin wasa ne?

Tseren gangara dokarsa ba ta da wuya. Ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya daga saman tsauni, agogo na ƙirgawa, wanda ya fi kowa saurin isa ƙasa shi ya ci. An faro shi a 1976 a jihar Kalifoniya ta Amurka, a wata gangara da aka sa wa suna Repack, saboda gudu ɗaya kan ƙone girishin birkin tsofaffin kekunan, sai an sake cika shi kafin a kuma hawa.

Yau wasan yana da gasar cin kofin duniya a ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI. Hanyar Fort William da ke Sikotland, wadda ta fara karɓar gasar a 2002, tsawonta kusan kilomita 2.8 ne, kuma daga samanta zuwa ƙasa akwai mita 555. Gwanaye kan gama ta cikin ƙasa da minti biyar.

Akwai kuma wadda ta fi wannan tsanani, wato Red Bull Hardline, da aka fara a 2014 a kwarin Dyfi na yankin Wales a Birtaniya. Dan Atherton ne ya tsara hanyar. Ba a sayen fom a shiga, gayyata ake yi, kuma ƙwararru ƙalilan ake kira. A 2024 aka buɗe mata reshe a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya.

Keken ma daban ne

Keken da ake wannan tsere da shi ba irin wanda ake zuwa Islamiyya da shi ba ne. Gaba da baya yana da shakazoba mai iya lotsawa kusan santimita 20, ita ke shanye dukan duwatsu da nauyin dira. Birkinsa na mai ne, mai matse faifan ƙarfe, irin tsarin na mota. Tayoyinsa masu kauri ne da manyan haƙora. Kuɗinsa kan kai dubban daloli. Mahayin kuma yana sanye da hular kwano mai kare haɓa, da kariyar baya, ƙirji da gwiwa. Manyan ƙungiyoyi har na'urori suke liƙa wa keken lokacin gwaji, su riƙa naɗar yadda shakazoba da birki ke aiki, sannan makaniki ya duba a kwamfuta ya daidaita.

Lissafin da ke bayan kowane tsalle

Abu na farko da mai tsara hanya ke aunawa shi ne gudu. Ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkawa. Wanda ya daki bango a gudun kilomita 30 a awa, kamar ya faɗo ne daga tsayin mita uku da rabi. A kilomita 60 kuwa, kamar ya faɗo daga mita 14 ne, kusan bene mai hawa huɗu.

A 2022 an ƙara wa hanyar Hardline ta Wales wasu tsalle-tsalle biyu a jere, masu tazarar kusan ƙafa 90, wato mita 27. Lissafi ya nuna sai mahayi ya iso bakin tudun da gudun kusan kilomita 60 a awa kafin ya iya haye wannan tazara, kuma zai yi kusan daƙiƙa biyu a iska. In gudun ya gaza, ya daki gefen tudun sauka. In ya yi yawa, ya wuce gangaren ya dira a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Don haka ake tsara hanyar da ke kaiwa ga tudun ta yadda ita da kanta za ta ba mahayi gudun da ya dace.

Abu na biyu shi ne wurin sauka, kuma nan sirrin yake. Ba a gina shi a shimfiɗe. Ana karkata shi ya bi layin da keken ke faɗowa a kai, sai tayoyi su taɓa ƙasa a sulale, jiki ya ji duka kaɗan. Shi ya sa ƙwararre zai tsallake mita 27 ya wuce lafiya, yaro kuma ya diro da keke daga kan dakali mai mita ɗaya zuwa kan kwalta ya gurɗe ƙafa.

Abu na uku, wurin faɗuwa. Mai tsara hanya yakan ɗauka cewa dole wani zai yi kuskure, sai ya tambayi kansa: in ya faɗi a nan, me zai tarar? Ana tumɓuke kututture, a kwashe duwatsu masu kaifi, a naɗe bishiyoyi da katifa, a kafa raga a bakin rami. A hanyoyi da yawa ana barin wata ƴar hanya ta gefe mai sauƙi, ga wanda ya ga ba zai iya babban tsallen ba.

Abu na huɗu, mutane. Kafin a hau keke, mahaya kan taka hanyar da ƙafa daga sama har ƙasa. Sai a yi kwanaki ana gwaji gaɓa-gaɓa. Ranar tsere akwai jami'ai da usur da tuta a kan hanya, akwai likitoci, kuma da zarar wani ya faɗi ya kasa tashi, za a tsayar da na bayansa.

Ranar da aka ce a'a

A watan Mayun 2024, masu shirya Hardline a Wales sun gina wani tsalle da ya ƙetare wani kwazazzabo mai ruwa a ƙasa, tazararsa ta haura mita 20. Mahaya uku suka gwada shi. Bernard Kerr da Matt Jones sun haye lafiya. Jim Monro ya faɗi, ya bugu a ka, aka kai shi asibiti. Bidiyon tsallen ya riga ya zaga duniya, jama'a na ta ɗokin ganinsa ranar gasa, amma aka cire shi daga hanyar.

Shekara guda kafin nan, a Yulin 2023, an soke gasar ɗungurungum saboda iska da ruwan sama. Ga mai keke a sama, iska ƴar kaɗan daga gefe ta isa ta kautar da shi daga wurin sauka. An kashe kuɗi, an sayar da tikiti, duk da haka aka haƙura. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Duk da wannan shiri, wasan bai daina cin mutane ba. A 2015, a gasar Red Bull Rampage da ake yi a duwatsun Utah na Amurka, Paul Basagoitia ya faɗi ya karya ƙashin baya, lakarsa ta taɓu, ya daɗe yana fama kafin ya sake takawa da sanda. Shi ya sa har yau ake muhawara tsakanin mahaya da masu shirya gasa: shin ana ƙara girman tsalle ne don gwada ƙwarewa, ko don bidiyo ya samu masu kallo?

Yadda kyamara ke yaudarar ido

Ƙaramar kyamara irin GoPro da ake ɗaurawa a hula ko a ƙirji tana da gilashi mai ɗauko fili da faɗi. Wannan yana sa gangara mai tsananin tsayi ta fito kamar shimfiɗaɗɗiya. Manhajar da ke cikinta kuma tana goge jijjiga, sai ka ga tafiya sumul alhali hannun mahayin kamar zai tsinke. Ƙananan jirage marasa matuƙi da ke bin su a baya suna ƙara wa abin kyau, kamar wasan gem.

Sai kuma tacewa. Daƙiƙa 30 da ka kalla an tsamo su ne daga kwanaki na gwaji da faɗuwa. Manhajar kuma abin da ya fi riƙe ido take turo maka. Ba za ta nuna maka mai tona ƙasa da shebur na tsawon watanni ba.

Mu dawo titin Katsina

Kano ba garin tsaunuka ba ne. In ka cire Dala da Goron Dutse, kusan duk shimfiɗa ce, saboda haka ba wanda zai gina irin waccan hanya a Fagge. Amma kwaikwayon yana nan: ɗaga tayar gaba a kan keke ko babur, sakin hannu, gangaro gadar sama a guje, aboki na biye yana ɗauka a waya, musamman ranar ɗaurin aure ko bikin Sallah.

Auna titin da ya ratsa Kurna da Rijiyar Lemo da ma'aunai huɗun nan. Gudu: ba kai kaɗai ke yanke shi ba, mai adaidaita sahun da zai taka birki a gabanka don ɗaukar fasinja yana da nasa ra'ayin. Wurin sauka: kwalta ce a shimfiɗe. Wurin faɗuwa: kwalbati, bakin kwata, ko ƙarƙashin tirela. Jami'in da zai tsayar da na baya: babu. Ta wannan lissafin, yaron da ke ɗaga taya tsakanin motoci ba hular kwano ya ɗauki kasadar da ƙwararren Wales ba zai yarda ya ɗauka ba ko nawa za a biya shi.

In kana son keke, ga abin da za ka ɗauka daga wajensu. Nemi fili da ba mota. Taka wurin da ƙafa tukuna. Duba birki da iskar taya. Sa hular kwano ka ɗaure igiyarta. Fara da ƙarami, kuma kada ka yi kai kaɗai.

In wani ya faɗi a gabanka yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a cicciɓe shi a cusa a adaidaita, kada kuma a fizge masa hula. Motsa shi ba bisa ƙa'ida ba na iya lalata laka har abada. A tsare masa hanya, a riƙe kansa kada ya motsa, a kira 112 ko hukumar kiyaye haɗurra a 122. Wanda ya bugu a ka kuma, ko da ya miƙe yana dariya, in ya fara amai, jiri, mantuwa ko barci mai nauyi, asibiti za a nufa da shi nan take. Karaya ma a fara kai ta a yi hoto, Asibitin Ƙashi na Dala ba shi da nisa.

Nan gaba in irin wannan bidiyo ya faɗo a wayarka, tsayar da shi ka duba gefen hanya. Za ka ga katifa a jikin bishiya, raga a bakin rami, da mutum riƙe da tuta. Kafin ka ce abokinka ya kunna kyamara, ka duba ko kana da ko ɗaya daga cikinsu.