Bindigar tsaron gida a Bauchi: Doka ta riga magidanci zaɓi

Duk lokacin da labarin garkuwa da mutane ya iso birnin Bauchi daga dazukan Alkaleri ko Toro, wasu magidanta kan shiga tunanin mallakar bindiga. Sai dai Dokar Makamai ta 1959 ta riga ta shata musu iyaka.

Bindiga ƙirar AK-47 da fistol sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Mai baki biyu sai na Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Ta toka kuwa Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke ba da nata. A 2023, Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisi.

Wanda aka kama da bindigar yaƙi ba lasisi, ɗaurin aƙalla shekara 10 ke jiransa, iyalin da ya so karewa kuma su kwana ba mai tsaronsu.