Dalilan Dushewar Murya a Tsohuwar Na'urar Rediyo

Tun daga 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, da 1962 da Rediyon Kaduna ya fara aiki, akwatin rediyo ya zama abokin hirar mutanen karkara irin na Yasore, a yammacin Katsina. Sai dai sau da yawa murya kan zo a shaƙe, har sanarwa mai muhimmanci ta wuce mai sauraro.

Wajibi ne mai gyara ya fara gano inda cutar take. Idan dukkan tashoshi ne suka dushe, laifin akwatin ne: ko dai batir ya yi sanyi, ko ƙurar hunturu ta shiga maƙarin murya, ko takardar lasifika ta yage. Idan kuwa tasha ɗaya ce kurum, to, a tuhumi na'urar watsawa. A tsohuwar na'ura mai kwalabe, zafi da daɗewa kan busar da kafasita, sai a riƙa jin gunji ƙarƙashin magana, kuma maganinsa sauya ta. Haka nan in ƙarfin makirufo ya wuce kima, sauti yakan tsattsage, sai an rage shi.

Amma muryar da ke hawa tana sauka a gajeren zango, wannan sauyin sararin samaniya ne, ba aikin mai gyara ba ne.