Kurar Gardi da Akuyar Gida

Wanda ya ga gardawa a kasuwa suna jan kura da sarƙa, bakinta cikin takunkumi, yana iya zaton dabbar dawa ta zama ta gida. Horo kawai ta sha. In ta haihu, 'ya'yanta kuraye ne irin na jeji, sai an sake horo daga tushe. Akuya kuwa tun kaka da kakanni mutum ke zaɓar wadda zai bari ta hayayyafa da wadda zai yanka, har jikinta da halinta suka sauya, ana haifarta da sabon mutane. Dabba tana zama ta gida ne ranar da haihuwarta ta koma hannun ɗan Adam.

Kare ne ya fara shigowa, tun ba a san noma ba, shekara 15,000 da suka wuce ko fiye. Asalinsa kyarkeci ne. A Oberkassel ta ƙasar Jamus an tono wani kabari mai kimanin shekara 14,000, aka tarar da mace da namiji da kare an binne su tare. Masana da yawa na ganin kyarketai marasa tsoro ne suka riƙa raɓar sansanin mafarauta don ƙashi da saura, wato su suka kawo kansu.

Awaki da tumaki da shanu sun biyo baya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, a tsaunukan Zagros na Iran da kudu maso gabashin Turkiyya. Yadda aka gane haka abin sha'awa ne. A wani tsohon mazauni mai suna Ganj Dareh a Iran, masu tono sun lura cewa ƙasusuwan bunsuru yawanci na ƙanana ne, na mata kuma na tsofaffi. Maharbi babbar dabba yake nema ya kayar. Mai yanka ɗan bunsuru ya bar uwar ta ci gaba da haihuwa, wannan makiyayi ne, kuma lissafinsa bai bambanta da na mai kiwo a ƙauyenmu yau ba. Buƙatar farko nama ce. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, to ga nama a turke, ba ya ruɓewa, har ƙaruwa yake yi. Gashin saƙa da jan garma da ɗaukar kaya duk daga baya aka gano su. Tunkiyar dawa ma ba ta da irin gashin da ake saƙa bargo da shi, zaɓen iri ne ya samar da shi.

Kakan shanu wani ƙaton sa ne na dawa mai faɗa, wanda ta ƙarshe a jinsinsa ta mutu a wani daji na Poland a 1627. Shanu masu tozo a kwarin kogin Indus aka fara kiwonsu, can wajen Pakistan ta yau, kuma jininsu ne ke yawo a jikin fararen shanun Fulani.

Afirka ma ta yi nata. Lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna, makiyaya sun bar zanen garkunan shanu a duwatsun Tassili na Aljeriya. Jaki a arewa maso gabashin Afirka aka mayar da shi na gida, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, ya riga doki da raƙumi nesa ba kusa ba, duk da rainin da ake yi masa. Zabo namu ne na Afirka ta Yamma, kuma ni a ganina har yanzu bai gama amincewa da mu ba: zabuwa ta fi son ta je jeji ta ɓoye ƙwanta, sai a kwaso a sa wa kaza ta kwanta a kai. Raƙumi mai tozo ɗaya daga yankin Larabawa ya fito, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, shi ne kuma har gobe ke ɗauko gishirin Bilma.

Cikin ɗimbin manyan dabbobin duniya, 'yan kaɗan ne suka karɓi wannan zama. Jakin dawa kamar jaki yake, amma ga cizo ga harbi, Turawan mulkin mallaka sun gwada ɗaura masa keken doki sun haƙura. Dabbar da ta yi sai mai bin jagora a garke, mai haihuwa a tsare, mai saurin girma, wadda ba ta firgita har ta kashe kanta a shinge.

An ma gwada yadda zaɓen iri ke sauya dabba: a 1959 wani masani a Rasha, Dmitri Belyaev, ya fara gwaji da wani nau'in yanyawa a Novosibirsk. Abu ɗaya yake dubawa: wanda bai cika tsoron mutum ba shi ake bari ya haihu. Ba a daɗe ba jikokinsu suka soma kaɗa wa mutane jela suna lasar hannu, daga baya aka samu masu kunne a kwance da masu dabbare-dabbare a jiki, alhali ba wanda ya zaɓi kunne ko launi.